Gaisuwar Da Ba A Amsa Ba

Shafi na 9

Assalamu alaikum. Ku gafarce ni da shirun da na yi. Na rubuta shafin nan na goge, na sake rubutawa, har yanzu ban tabbata ya yi ba. Masu cewa Zuhura maciyiyar amana ce, don Allah ku karanta wannan tukuna.

*

Motocin Kivukoni sun yi ta tsayawa a gabansu suna tashi, Zuhura ba ta motsa ba.

Goggonta, Bi Mwanahawa, ba ta ganinsu sosai. Tun da yana ta rufe mata idanu, komai ya koma kamar ana kallonsa ta cikin ruwan wankin shinkafa. Amma kunnenta lafiya lau. Tana jin kwandastoci suna dukan jikin daladala, wato bas-bas ɗin haya na garin, suna kiran Ilala, Kariakoo, Posta, Kivukoni.

"Wancan fa ya ce akwai wurin zama."

"Ƙarya yake, Goggo. Duk haka suke faɗa."

Haka yarinyar nan take yi tun ranar da ta tarbo ta daga motar Lindi. Wata daladalar ta ce ta cika, wata ta ce tayarta ta suɗe, wata kuma ta ce idon direban bai kwanta mata ba. Sai wata guda ta zo, mai ƙofar da ke kuka kamar ɗan akuya, sannan ta kama hannunta su shiga. Kuma kullum kujera ɗaya take zaunar da ita, ta bayan ƙofa.

Yau ce ranar ƙarshe. Gobe da safe za a yi mata aikin ido, da an sallame ta kuma ƙanenta, mahaifin Zuhura, zai sa ta a mota ta koma gida. Kowa ya ɗauka asibiti ne kawai ya kawo ta Dar es Salaam. Zuhura kaɗai ta faɗa wa cewa Siwema take nema, 'yarta tilo, wadda labarinta na ƙarshe da ya isa Lindi shi ne wai tana ɗinki a wani shago a birni. Sun bi telolin Ilala, sun bi na Magomeni, sun shiga lungunan Kariakoo har ƙafarta ta kumbura. Babu wanda ya san wata Siwema 'yar Mshamu.

Ƙofar ta yi kukanta. Zuhura ta kama hannunta.

Sai dai yau ba muryar da ta saba ji ba ce a bakin ƙofar. Wani saurayi ne mai surutu, ya tallabo ta ta gwiwar hannu yana cewa a matsa wa amaryarsa, kar a taka mata lalle. Ta ce masa ita ba ta auren mai warin gumi, fasinjoji suka yi dariya. Zuhura ba ta yi ba. Ta tambaye shi ina Kibwana, kwandastan motar. Ya ce haƙori ya kwantar da shi, shi aka roƙa ya riƙe masa ƙofa na yau.

Bi Mwanahawa ta ji hannun yarinyar ya yi sanyi a cikin nata, amma ba ta kawo komai a ranta ba.

Motar ta tashi a hankali, yadda ta saba. Ita dai wannan ce mota ɗaya tak a duk garin da ba ta sa ta riƙe ƙarfe tana salati. Direban ba ya fizga, ba ya rige-rige da kowa, in ya hango rami sai ya lallaɓa ya kauce. Ba ta taɓa jin muryarsa ba. Duk da haka kullum in za ta sauka sai ta ɗaga murya ta ce Allah ya yi wa uwar da ta haife shi albarka.

Zuhura karatun zanen gine-gine take yi, ita ce idanunta a hanya. A kwanakin baya bakinta ba ya hutawa. Ita ta ba ta labarin tsofaffin gidajen Ilala masu dakali a gaba da doguwar baranda a tsakiya, ɗakuna suna kallon juna, kowane ɗaki da iyalinsa. Ita ta sa ta shafa bangon wani gidan Indiyawa a Kisutu, ta ɗora yatsanta a kan furannin da aka zana da siminti. Yau kuwa sai da aka tambaye ta.

"Ina muke?"

"Mun kusa Bungoni."

"Shi ke nan? Yau gidajen ba su da labari?"

"Kaina ne yake ciwo, Goggo."

Ta ƙyale ta. Ta jingina kai da gilashi, tunanin da take gudu ya cim mata.

Mshamu, mijinta, direban motar Lindi ne, kuma a kan sitiyari ya rasu, wata damina a gangaren Rufiji. Tun ranar ba ta sake zama a gaban mota ba. Sai ga shi wadda ta fi kowa kama da shi, Siwema, ta je a ɓoye ta koyi tuƙi a wurin wani abokinsa mai motar ɗaukar kwakwa. Da maganar ta fito an yi kuka, an yi faɗa. Safiyar da za ta tafi, ta zo da jakarta ta durƙusa a ƙofar madafa ta ce, "Shikamoo, Mama."

Ko wanda ba kwa shiri da shi, in yaro ne ya gaishe ka da shikamoo, sai ka ce marahaba. Ita kuwa ta ci gaba da kankarar kwakwarta. Abin da ya fito daga bakinta kawai shi ne, muddin hannunki yana kan sitiyari kar ki nuna min fuskarki.

Yarinyar ta daɗe a durƙushe tana jira. Sannan ta tashi.

Shekaru ke nan kalmar tana maƙale a wuyan Bi Mwanahawa. Ita ta ɗauko tun daga Lindi, ta rasa wadda za ta ba.

A Bungoni motar ta cika maƙil. 'Yan makaranta sun yi cincirindo a bakin titi, wai an tashe su da wuri saboda babu ruwa. Kwandastan yana korar manyansu yana cewa su jira ta baya, sai kuma ya canza murya.

"A'a, ga 'yar gida. Malama, miƙo ta nan."

Aka miƙo wani abu ta saman kawunan mutane. Ba sabon abu ba ne, duk wanda ya samu kujera ya san cinyarsa ba tasa ba ce shi kaɗai. A 'yan kwanakin nan an ɗora wa Bi Mwanahawa jarirai, da buhun albasa, da kaza mai rai.

"Amarya, buɗe cinya ga kaya. Ki riƙe da kyau, 'yar direba ce."

Motar ta yi wata irin girgiza, birki ya ƙwace, na tsaye suka faɗa kan juna. Wani dattijo ya yi tsaki ya ce yau kuma lafiya? Bi Mwanahawa ta rungume yarinyar da sauri. A duk kwanakin nan wannan ne karo na farko da direban ya yi haka.

Yarinyar ba ta da nauyi. Tana ƙamshin man kwakwa da ƙurar aji. Ta juyo, ta ɗora ɗan tafin hannunta a kan goshin tsohuwar kamar yadda ake koya wa ƙanana.

"Shikamoo, Kaka."

"Marahaba, 'yar albarka."

Daga nan ta waiga gefe, murya ta cika da murna.

"Anti Zuhura! Ke ma yau motarmu kika hau?"

Zuhura ta kau da kai.

"Anti, ni ce fa. Kin ce za ki kawo min fensir mai launi ba ki kawo ba."

Bi Mwanahawa ta juya kanta a hankali zuwa inda inuwar Zuhura take.

"Kin san ta?"

"'Yar... 'yar wata ƙawata ce."

"Ba ƙawarta ba ce," in ji yarinyar. "'Yar'uwarta ce. Mama ta ce babanta kawunta ne."

Hayaniyar motar ta yi nisa a kunnen Bi Mwanahawa. Ta ɗaga hannu ta shafa kan yarinyar. Kitso ne ƙanana, an ja su zuwa ƙeya, amma duk sun karkata gefe guda, irin karkatar kitson bahaguwa. Ta san hannun nan. Ita da kanta ta yi ta dukan bayansa da tsinken tsifa don ya miƙe, bai miƙe ba. Yatsunta suka gangara zuwa kunne. Ga lanƙwasar nan a sama, kamar an naɗe gefen ganye. Kunnen Mshamu.

"Yaya sunanki?"

"A makaranta Hawa. Amma cikakken Mwanahawa ne. A gida kuma Mama ba ta faɗar sunan, wai na mamarta ne, sai ta ce min Mama. Ni ma in ce mata Mama. Baba ya ce gidanmu ba a gane mai kiran wani."

Wata mata da ke tsaye da kwando a kansu ta yi dariya. Bi Mwanahawa ta so ta yi, leɓenta ya ƙi.

Yarinyar ta yi tsalle kaɗan a cinyarta, ta daddanna gefen kujerar. Ta ce ai wannan ta fi duk kujerun motar laushi, Mama ce ta kai aka sa mata sabon soso, kuma kullum da safe da kanta take goge ta. Ta ce Mama ta hana ta zama a kai, wai ta baƙuwa ce. Ta leƙo fuskar tsohuwar.

"Ke ce baƙuwar?"

Sun shigo Kariakoo. Ko ba a faɗa mata ba ta sani, domin hasken da ke gilashi ya dushe, dogayen benayen nan sun tare rana, ga ihun 'yan talla, ga ƙamshin soyayyen rogo. A nan ne shekaranjiya ta hau matakala har hawa huɗu tana haki, saboda an ce akwai wata tela 'yar kudu a sama.

Ta yi magana ƙasa-ƙasa, don kar yarinyar ta tsorata.

"Zuhura."

"Na'am, Goggo."

"Kina riƙe da hannuna na hau benen can."

Ta ci gaba.

"Kina ji ina tambayar mutane kamar mahaukaciya. Kina ji wani ya ce min in duba asibiti, wani ya ce in duba maƙabarta. Kina tsaye."

"Goggo, wallahi ban yi don in wulaƙanta ki ba."

"To don me?"

Muryar Zuhura ta karye. Ta ce tun daren da Goggo ta sauka ta je ta sami Siwema, ta roƙe ta har da kuka ta zo gida. Siwema ta ce ba za ta iya ba. An ce kar ta nuna fuskarta muddin tana tuƙi, ita kuma ba ta daina ba, ko na kwana ɗaya. Labarin ɗinki ita ta aika da shi gida don mahaifiyarta ta riƙa samun barci. Ta ce in ta zo aka sake yi mata shiru a karo na biyu, ba ta san yadda za ta tashi daga durƙuson ba.

"Sai ta ce abu ɗaya take roƙo. In riƙa kawo ki motarta. In zaunar da ke a nan."

"Me ya sa nan?"

"Nan ne madubinta yake kamawa."

Bi Mwanahawa ta runtse idanun da dama ba sa gani. Ashe duk gyangyaɗin da take yi a hanya, da cin gyaɗar da take yi tana zubar da ɓawo a zane, da hawayen da take sharewa da gefen mayafi tana zaton ba mai lura, duk a idon 'yarta take yi.

"Na yi ta cewa gobe za ta sauko, gobe za ta yi magana," in ji Zuhura. "Kullum in kika sa wa uwar direba albarka kika sauka, sai ta kasa tashin motar. Kibwana ne yake ce wa fasinjoji injin ya yi zafi."

Matar mai kwando ta ja hanci. Ashe tun ɗazu rabin motar sun yi tsit suna saurare.

"Uban yarinyar nan fa?"

"Yana aiki a tashar jiragen ruwa. Mutumin kirki ne, Goggo."

"Wa ya ba shi aurenta?"

"Baba ne."

Wannan ta fi zafi. Ƙanenta, wanda ta goya, wanda jiya da daddare ya zauna kusa da ita yana cewa ta bar wa Allah, in da rabo za a gana. An yi aure, an yi haihuwa, an yi suna da sunanta, ita tana can Lindi tana tambayar duk direban da ya sauka ko ya ga wata mai kama da Mshamu. Ta kasa gane fushi take ji ko kunya. Ta janye hannunta daga na Zuhura.

Yarinyar ta ɗago. "Kaka, Anti ta yi laifi ne?"

"Ta yi."

"Za ki dake ta?"

"Ina tunani."

"Ki bari sai ta kawo min fensir ɗin."

Wannan karon dariyar ta kuɓuce mata, tare da hawaye. Ta kifa fuskarta a kan kitson nan karkatacce.

Motar ta wuce Mnazi Mmoja, ta wuce tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ta bi bakin ruwa. Iska ta canza, ta zama mai gishiri. Ba wanda ya ba ta labarin cocin nan mai jan rufi yau, ba ta kuma tambaya ba. Tuƙin take saurare. Yadda ake sauya giya ba tare da motar ta yi tari ba. Yadda ake taɓa birki sau biyu, a hankali, kafin a tsaya. Ta yi shekaru tana zama kusa da mai irin wannan ƙafar. Yaya aka yi ba ta gane ba? Ko kuwa ta gane ne, ta ƙi yarda?

Ƙarnin kifi ya shigo ta taga. Jirgin fito ya yi kuka daga tsallake.

"Kivukoni, ƙarshen hanya," in ji kwandastan. "Kowa ya sauka da abin da ya hau da shi. Amarya, kawo hannu."

"Ba na sauka."

"Ai nan ne ƙarshe. Gaba sai teku."

"Na ce ba na sauka."

Mutane suka ragu, amma ba duka ba. Matar mai kwando ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara gammon da bai kwance ba. Kwandastan ya buɗe baki zai sake wasa, Zuhura ta ce masa wani abu a kunne, ya yi shiru.

Bi Mwanahawa ta sauke yarinyar, ta miƙe. Zuhura ta kawo hannu, ta ture shi.

"Hawa, kai ni gaba."

Ɗan hannun ya kama yatsanta. Ta bi shi tana laluben kan kujeru, ta ɗaga ƙafa ta haye tudun injin da ke huci. Ta zauna a kujerar gaba. Gilashin ya yi mata faɗi, haske ya cika mata fuska, ƙirjinta ya riƙa bugawa kamar ranar da aka zo mata da labarin Rufiji.

A damanta akwai inuwar mutum, kai a sunkuye. Tana jin numfashin.

Kafin ta ce komai, ƙofar direba ta buɗe, aka dira ƙasa, aka rufe.

Ta tafi.

Bi Mwanahawa ta kasa kunne, tana neman takun a cikin hayaniyar tasha. Masu kifi suna ciniki, babura suna ƙara, wani yana kiran Kigamboni. Ta rasa shi. Ta damƙe gefen kujera. Na sake korar ta, ta ce a ranta, ko baki ban buɗe ba na sake korar ta.

Sai ƙofar fasinja ta yi kukanta na ɗan akuya.

Taku ya hau matakala, ya zo a hankali ta tsakanin kujeru, ya tsaya a bayanta. Ta ji gwiwoyi sun taɓa ƙarfen ƙasa. Sannan wani babban hannu ya sauka a kan goshinta, yadda ƙananan yara kaɗai suke yi.

"Shikamoo, Mama."

Muryar ta yi kauri, ta zama ta babbar mace. Amma ita ce.



Bi Mwanahawa ta kama hannun, ta sauko da shi, ta buɗe tafin. Kantar riƙon sitiyari ce a gindin kowane yatsa, da wata doguwa a gefen babban. Daidai inda na Mshamu suke. Wannan hannun ne ta yi rantsuwa a kansa. Wannan hannun ne kuma ya yi ta kauce mata ramuka.

Kalmar ta hau har kan harshenta. Ta riƙe ta.

"Tashi," ta ce.

"Mama, ba ki..."

"Na ji ki. Tashi ki koma kujerarki."

Siwema ba ta motsa ba. Hawa ta dubi wannan ta dubi waccan, ta fara taɓe baki.

"Kwana da kwanaki kina ɗauke da ni ban sani ba," in ji Bi Mwanahawa. "Kin kalle ni son ranki, ni ban san ana kallona ba. Yanzu ina so ki tuƙa ni ina sane. Ina nan gaba, ba zan koma baya ba. Amsarki tana bakina. In kika sauke ni a Buguruni, inda na hau, za ki ji abin da zan ce."

Motar da ke bayansu a layi ta danna oda. Wata ma ta danna.

Siwema ta miƙe. Ba ta zagaya ba, ta haye injin ta zauna. Bi Mwanahawa ta jawo jikarta ta ɗora a cinya, ta miƙa tafin hannu ɗaya ta dafa ƙarfen gabanta.

Makullai suka yi ta kaɗawa, hannun ya kasa samun ramin.

"A hankali," tsohuwar ta ce, ba ta juyo ba. "Ubanki bismillah yake fara yi."

Injin ya tashi.